Ina kunka kai madara?

Akwai wata ƙaramar rigima da ba ta isa zuwa gaban alƙali ba, ko mai unguwa ba ya jin labarinta, amma da wuya sati ya wuce ba a yi ta ba a kantunan zamanin nan da ke ƙaruwa a Maradi, irin waɗanda mutum ke shiga ya ɗauki kwando ya zaɓi kaya da hannunsa. Magidanci ya saba madarar gari tana layi na biyu, hannun dama, ƙasa da ganyen shayi. Ya shigo a gurguje bayan la'asar, mai kabu-kabu na jiransa a bakin ƙofa, ya miƙa hannu inda ya saba, sai ya kamo sabulun wanka. Ya zaga layi uku bai gani ba. Can sai ka ji murya ta tashi: "Kai yaro, ina kunka kai madara kuma?" Yaron kanti ya ce, "Tana can baya, Alhaji, kusa ga firigo." Alhaji ya ja tsaki, ya juya ga na kusa da shi, ko bai san shi ba, ya ce da gangan suke yi, so suke a yi ta yawo ana ɗaukar abin da ba a zo saye ba.

In ka tambayi mai kanti, cewa zai yi gyara ne kawai, sabon kaya ya shigo, wuri ya yi kaɗan. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya. Sai dai dalilin da ya fi yawa a Amurka ko Faransa ba shi ne ya fi yawa a Maradi ba, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai zargi mai kanti da laifin da bai yi ba, ya kuma yafe masa wanda ya yi.

Tukuna, me ya sa ɓatan minti biyar ke tayar wa dattijo hankali haka?

A butikin unguwa mai saye ba ya neman komai. Yana tsayawa bayan kanta ya ce a ba shi sukari na dala ashirin da magi biyu, mai butiki ya juya ya ɗauko. Ko sau goma a wata ya sake jeren kayansa, ba ruwan kowa, shi ya ajiye, shi zai nemo. Babbar kasuwa kuma tana da nata tsarin da ya girmi yawancin masu shiga cikinta: ƴan atamfa a layinsu, ƴan hatsi da tiyarsu a nasu, ga ƴan kayan miya, ga mahauta. Baƙon da ya shigo ranar Litinin ko Jumma'a daga ƙauye, in ya ɓace, tambaya ɗaya ta ishe shi, domin kowace rumfa da mutum a zaune cikinta.

Kantin da mai saye ke ɗauka da kansa ya zo da wata yarjejeniya dabam, ko da yake ba wanda ya taɓa karanta wa kowa ita. A shekarar 1916 wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kanti a birnin Memfis na Amurka, ya sa masa suna Piggly Wiggly. Kafin lokacin, can ma kamar butikinmu ake yi: ka miƙa takardar cefane, ma'aikaci ya haɗo maka. Saunders ya lura albashin waɗannan ma'aikata na cin riba, sai ya rage su, ya liƙa farashi jikin kowane kaya, ya ba mai saye kwando. Aikin da yaron kanti ke yi a biya shi, yanzu mai saye ke yin sa kyauta, a madadin ɗan sauƙin farashi da damar taɓa abu ya juya shi kafin ya biya. Wani abu kuma da Saunders ya yi tun ranar farko: ya tsara hanyar cikin kantin yadda wanda ya shiga ba zai kai wurin biya ba sai ya wuce ta gaban kowace kanta. Ke nan sa mai saye aiki da juya ƙafarsa inda ake so, tare aka haife su. Shekara 21 bayan haka, a 1937, wani mai kantuna a jihar Oklahoma, Sylvan Goldman, ya ga mutane na daina ɗaukar kaya da zarar kwando ya yi nauyi a hannu, sai ya ƙirƙiro keken zuba kaya. Da farko mutane sun ƙi shi, har sai da ya ɗauki hayar maza da mata su riƙa tura shi cikin kanti kamar masu saye, don a gani a kwaikwaya.

To, wanda aka ɗora wa aiki yakan nemi hanyar sauƙaƙa wa kansa. Mai saye na yin haka ta hanyar sabo. Zuwa na farko yana duba ko'ina, na biyar ya fara gane layi, bayan wata biyu ƙafarsa ce ke kai shi, hankalinsa na can wajen lissafin kuɗin lakkwal ko wayar da yake amsawa. Wannan sanin wurin kaya shi ya tara shi da wahalarsa, shi ne ɗan ladan da ya samu na aikin da ba a biyansa. Ranar da aka juya kanti, an share masa shi dare ɗaya ba tare da ko sallama ba. Kamar uwargida ce ta shiga madafinta da dare an ɗauke kuran, ta lalubo gwangwanin gishiri inda ya shekara, ta tarar wani ya zuba sukari a ciki. Haushin ba na minti biyar ɗin ba ne, na mayar da mutum baƙo ne a wurin da ya ɗauka ya sani.

Shin zargin Alhaji na cewa da gangan ake yi yana da tushe? Yana da shi, ƙwarai. Masu manyan kantuna sun daɗe da sanin cewa mai saye da ya san hanya ba ya kallon gefe, wanda ba ya kallon gefe kuma ba ya ƙara komai kan abin da ya zo saye. A 2013 wasu masu bincike huɗu a Amurka, cikinsu har da Sam Hui da Jeffrey Inman, suka bi sawun masu saye cikin wani kanti da na'ura, suka tabbatar da cewa gwargwadon tsawon tafiyar da mutum ya yi a ciki, gwargwadon ƙaruwar kuɗin da yake kashewa kan abin da bai yi niyya ba. Kamfanin Costco na Amurka, mai manyan kantuna, ba ya ma ɓoye dabararsa. Kaya iri kusan 4,000 yake ajiyewa, alhali babban kanti na yau da kullum kan kai iri 30,000, ba ya rataye allon da ke nuna abin da ke kowane layi, kuma yana yawan sauya wa kaya wuri, yana tallar abin a matsayin wani nishaɗi na neman abin da ba ka zata ba. IKEA na ƙasar Suwidin, mai sayar da kayan ɗaki, ya shahara da hanya guda mai lanƙwasa wadda ke bi da kai ta ɗakin kwana da na girki da na yara, ko da kuwa fitila ɗaya ka zo saye. Hatta ajiye madara da ƙwai a ƙarshen kanti yana da wannan manufa, ko da yake yana da wani dalilin na gaskiya, wato kusanci da ƙofar baya inda motar sanyi ke sauke kaya.

Amma ko a can, ruɗa mai saye ba shi ne babban abin da ke motsa kaya ba. Babban abin shi ne kanta ta zama fili, ana hayarta taƙi-taƙi. A 1994 wasu masu bincike uku suka yi gwaji a kantuna 60 na yankin Shikago, suka gano cewa inda aka ajiye kaya, musamman tsayinsa daga ƙasa, ya fi tasiri kan ciniki nesa ba kusa ba bisa yawan jeren da aka yi masa. Abin da ke daidai ido da hannu shi ke tafiya. Kamfanonin da ke yin kaya sun san haka, shi ya sa suke biyan kantuna kuɗi don a ba sabon kayansu wuri, su ƙara biya don a sa shi a bakin layi inda kowa ke bi. Tun daga ranar 26 ga Yunin 1974, da aka fara haska zanen layukan nan baƙi da fari na jikin kaya a wani kanti a jihar Ohayo (ƙunshin cingam ne aka fara da shi), mai kanti ya samu hanyar sanin abin da kowane taƙi na kantarsa ke kawo masa. Daga nan aka koma zana taswirar kanta a hedikwata, a aika wa kowane reshe: wannan gwangwani a nan, jere uku, wancan a ƙasa. Sabon kaya ɗaya ya shigo, goma su matsa. Kamfani ya ƙare kwangilarsa, wani ya saye wurin. Ma'aikata su kwana suna jere, da safe su kansu sai sun duba takarda kafin su nuna maka hanya. Wani lokaci ma doka ce ke tilastawa: daga 1 ga Oktoban 2022 Ingila ta hana manyan kantuna ajiye alawa da cakulan da sauran kayan maiƙo da zaƙi a bakin ƙofa, bakin layi da wurin biya, sai da kantuna suka juya jerensu kusan lokaci ɗaya a faɗin ƙasar.

Mu dawo gida. Mai alimantasiyo a Maradi ba shi da hedikwatar da ke aiko masa taswira, yawancinsu kuma ba su da na'urar da ke ƙirga ribar kowane taƙi. Amma hayar kanta ta iso, da wata kama. Wakilin kamfanin lemo ya kawo firigo mai ɗauke da tambarinsu kyauta, bisa sharaɗin a ajiye shi inda mai shigowa zai fara gani, kuma kada a sa kayan wani a ciki. Dilan biskit ya kawo tasa kantar ƙarfe, ya ba da kaya sai an sayar a biya, shi ma yana son gaba. Mai kanti da ke fama da jari ba zai ce a'a ba. Firigo ɗaya ya shigo bakin ƙofa, kantar sabulu ta koma inda madara take, madara ta koma baya. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wa Alhaji makirci, amma ba wanda ya tuna da shi kuma.

Abin da ya fi kowane juya kanta a garin nan, a ganina, iyaka ce. Maradi gari ne da ke numfashi ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, kuma kaya masu yawa da ke cikin kantunanta daga Kano da Katsina suke zuwa, wasu daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wasu kamar taliya da dabino su gangaro daga Aljeriya ta Agadas. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufewa, aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, sai a Maris na 2024 hanya ta buɗe. Gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe bayan haka, kayan da a da ke bi ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiyar da ta fi tsawo, ta fi tsada, kuma ba mai iya ce maka ga ranar da mota za ta iso. Duk wannan a jikin kanta yake bayyana. Man gyaɗa ko tumatir ɗin gwangwani iri kaza ya yanke wata biyu. Mai kanti ba zai bar wurin fanko ba, don kanta fanko a garin nan magana take yi: gobe za ka ji ana cewa Alhaji wane ya fara karyewa. Sai ya baje abin da yake da shi da yawa ya rufe gurbin. Ranar da mota ta iso da kwali ɗari, gurbin ya riga ya zama na wani, sai a sauke sabon kaya inda aka samu sarari. Haka nan faɗuwar naira a 2023 da 2024 ta sa kayan Najeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa, suka cika kantoci, suka ture waɗanda ke zuwa ta teku zuwa sama ko ƙasa.

Sai lokaci. Ana saura sati biyu azumi, sukari da madara da dabino da garin kunu su fito gaba. Bayan salla su koma. Oktoba, komawa lakkwal, littattafan rubutu da bik su mamaye bakin ƙofa. Hunturu ya kawo man shafawa, damina ta kawo maganin sauro, bazara kuma ta kori cakulan da bota daga kusa da taga, in ba haka ba zafin Afrilu ya mayar da su ruwa. Wannan kam mutane ba su cika ƙorafi a kai ba, saboda a butiki ma haka ake yi, kowa ya san dalili. Akwai kuma sata: ƙananan kaya masu tsada, turare, batir, madarar jarirai, sukan yi ƙaura zuwa inda idon mai karɓar kuɗi ke kaiwa bayan an ƙirga an ga giɓi.

Akwai juyin da ya zama dole, wanda ma ya kamata a gode wa mai kanti a kansa. Kantuna da yawa an fara jera su ne yadda kaya suka riƙa shigowa, ba da wani tunani ba. Za ka ga omo jingine da buhun shinkafa har ƙamshinsa ya shiga cikinta, ko maganin ƙwari a kanta ɗaya da biskit ɗin yara. Ranar da aka raba su, masu saye za su yi gunaguni kamar yadda za su yi a kan kowane sauyi, sati uku su manta. Mai saye ba koyaushe yake da gaskiya ba don ya fusata. Sabo kan sa mutum ya kare tsarin da ke cutar da shi.

Inda lamarin ke taɓa halal da haram shi ne kayan da lokacinsu ya kusa ƙarewa. Tura tsohon kaya gaba a sa sabo baya, wannan ƙa'idar kasuwanci ce, ba laifi, in dai kwanan wata na nan a fili. Amma tattara madarar da saura kwana goma ta lalace a jera ta a bakin ƙofa, a juya gefen da ke da kwanan wata ya kalli bango, wannan wani abu ne dabam. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Hadisin a kan jeren kaya yake, ba a kan mudu ko farashi ba. Sai dai kada a ja shi ya wuce inda ya tsaya. Kai sukari ƙarshen kanti don mutum ya wuce ta gaban biskit ba ɓoye aibi ba ne, wayo ne na ɗan kasuwa, kuma a ma'aunin kasuwa ya kamata a auna shi.

A wannan ma'auni kuwa, ina ganin wayon ba ya biyan kuɗin sabulu a Maradi. Wasu matasan masu kanti sun ga yadda ake yi a Dubai ko Abuja, ko sun kalla a waya, sun fara kwaikwayo. Sun manta dabarar an gina ta ne a kan mutumin da ke tura keke, da katin banki a aljihu, da motarsa a waje, wanda ƙarin abu uku ba ya canza masa lissafin wata. Mai cefane a nan yakan fito da kuɗi a ƙirge. Jikka biyar aka ware, jikka biyar za a kashe. In ido ya ja shi ya ɗauki lemo, to wani abu ne zai ajiye a wurin biya, mai kanti bai ƙaru da ko dala ba, sai dai a gida a rasa abin da aka aika a sayo.

Sannan wa ke shiga kantin? A gidaje da yawa maigida ne ke cefane a hanyarsa ta dawowa, da jerin da aka karanto masa ta waya, ko kuma yaro ake aikawa. Ɗan aike ba shi da ikon ƙara komai, ko ya yi yawo awa guda. Dubi yaro ɗan shekara goma da ya shigo riƙe da tsohuwar ledar garin koko da aka yaga bakinta, an ce masa irin wannan, yana nan kusa da ƙofa ta hannun hagu. Ya je hannun hagu ya tarar da man goge baki. Yana bin kanta yana kara ledar jikin kowane kaya yana gwada launi. In ya yi sa'a wani ma'aikaci ya gan shi ya ce, "Ƙane, kawo in gani." In bai yi sa'a ba ya ɗauki mai kama da ita, ya koma gida ya sha faɗa, gobe a aike shi butikin kan kwana. Manya da yawa ma haka suke sayayya, da wuri da launi, domin mafi yawan manya a ƙasar nan ba su yi karatun boko ba, rubutun jikin kaya kuma da Faransanci ne ko Ingilishi ko Larabci ko Turkanci. Allon da aka rataye a saman layi, in ma akwai shi, da Faransanci yake. Ga wanda bai iya karanta shi ba, wurin kaya shi ne sunan kaya. Ƙara da tsohuwar da idonta ya yi rauni, da mai goyo da ke jan wani a hannu.

Wani abu kuma da mai kanti ba ya gani: ba kowa ke ɗaga murya irin ta Alhaji ba. Shi Alhaji ma alheri ya yi masa, tunda ya tambaya. Da yawa kunya ko girma ba za su bar su su tsayar da yaro su ce ba su gane wuri ba. Hajiya za ta zaga sau biyu, ta yanke wa kanta hukuncin cewa abin ya ƙare, ta fita. Biskit ɗin da wani ya ɗauka garin yawo yana shiga littafi da yamma. Buhun shinkafar da Hajiya ta je ta saya wani wuri ba ya shiga littafin kowa. Don haka mai kanti ke ganin ribar juyi, ba ya ganin asararsa, sai bayan watanni ya fara tambayar kansa ina mutanensa suka shiga. Kuma a nan mafita ba ta da nisa. Mai butikin unguwa na nan taku hamsin daga gida, ya san sunan ƴaƴanka, yana ba da bashi har ƙarshen wata, abin da kantin gilashi ba ya yi.

Ko waɗanda suka ƙirƙiro dabarar sun sha ƙonewa da ita. Walmart, kamfanin da ya fi kowane girma a harkar kantuna a duniya, ya fara wani gagarumin gyara a 2008: ya share tarin kayan da ke tsakiyar hanya, ya sake jere, ya cire dubban kayan da lissafi ya nuna ba sa tafiya sosai. Kantuna suka yi kyan gani. Amma mutumin da ya zo da jerin abu ashirin ya rasa biyu, sai ya kwashe ashirin ɗin gaba ɗaya ya kai wani kanti. Cinikin rassansa na Amurka ya yi ta raguwa sama da shekara biyu a jere. Matsin tattalin arzikin lokacin ya taimaka, amma kamfanin da kansa ya yarda ya yi kuskure, a Afrilun 2011 ya sanar da mayar da kaya kusan iri 8,500. Garin neman ƙiba aka samo rama. Hatta binciken nan na 2013 da ya nuna yawo na ƙara kashe kuɗi, lissafinsa ya nuna tura wa mai saye tallar rangwame ta waya, don ya je wani layi da son ransa, ya fi sauya wa kaya wuri kawo riba.

Ba cewa nake kada a taɓa kanta ba. Kanti na mai shi ne, kuma da irin hanyoyin da kaya ke bi su iso garin nan, ba mai iya alkawarin cewa abu zai shekara a wuri ɗaya. Abin da nake ganin hakki ne a kan mai kanti shi ne ya tuna mai saye aiki yake taya shi. Wanda zai juya wa ma'aikacinsa wurin kaya ai zai gaya masa. Sukari, mai, shinkafa, madara, sabulu, abubuwan da ake shigowa dominsu, a bar su inda suke, a yi wasa da sauran. In juyin ya zama dole a yi shi sau ɗaya a gama, maimakon kowane sati a matsar da abu guda, kuma kada a zaɓi ƙarshen wata ko jajibirin azumi. A tsohon wurin a rataye fankon kwalin abin da aka ɗauke da kibiya, wannan ya fi kowane rubutu aiki. A tsayar da yaro ɗaya a bakin ƙofa na sati guda, aikinsa kawai ya ce, "Sannu da zuwa Hajiya, mun ɗan juya kaya, mi za a nuna miki?" Ladan yaron na satin bai kai ribar cefanen gida ɗaya na wata ba.

Shi ma mai saye yana iya gane wane irin juyi aka yi masa. In ya ga sabon firigo, ko sabon kaya da yawa, ko watan azumi ya ƙarato, to larura ce ko haya. In kuwa ba abin da ya ƙaru, amma sukari da mai sun koma lungu na ƙarshe, alawa da lemo sun tare hanyar zuwa wurinsu, to zargin Alhaji ya tabbata. Wasu sun riga sun samo maganin abin ba tare da faɗa da kowa ba. Sun karɓi lambar mai kanti, suna tura saƙon murya ta WhatsApp, a haɗa kaya a ba mai kabu-kabu ya kai gida. Wanda ya lissafo abu shida a saƙo, shida ɗin za a kai masa, kuma yaron kanti ne zai zaga ya nemo inda aka kai madara.